Zanen Anime da Waya a Ƙauye: Tambayoyin da Ake Yi Mini a Shagon Caji

A garinmu da ke ƙasar Ringim, bencin shagon caji ne majalisar matasa bayan la'asar. A nan nake yawan zama da wayata ina zane, kuma da wuya in gama fuska ɗaya ba a kewaye ni ba. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, daga 'yan sakandare har 'yanmatan da ba sa zama a bencin, sai su aiko ƙannensu. Ga su nan na tattara, na amsa gwargwadon abin da hannuna ya taɓa.

Yaya, wai mene ne anime, kuma me ake nufi da zanen masoya?

Anime shi ne finafinan zane na ƙasar Japan. Da yawansu daga manga aka ɗauko su, wato littattafan labari cikin zane, baƙi da fari, waɗanda ake karantawa daga dama zuwa hagu kamar yadda muke karanta ajami. Naruto da kusan kowane yaro a nan ya sani, a takarda ya fara: Masashi Kishimoto ya soma fitar da shi a mujallar Shonen Jump a 1999, bai kammala ba sai 2014. Manyan idanun nan kuwa, wanda ya fi kowa yaɗa su shi ne Osamu Tezuka, mai Astro Boy da aka fara nunawa a talabijin a 1963.

Zanen masoya shi ne ka ɗauki jarumin da kake so, ka zana shi da hannunka a wani hali da fim ɗin bai nuna ba. A Tokiyo akwai kasuwar Comiket da take ci tun 1975, inda masu irin wannan aiki ke baje kolinsu. Ni abin da ya fi jan raina shi ne in aro salon in sa wa mutanenmu: jarumi da hula kube, ko yarinya da hijabi tana dawowa daga Islamiyya. Yawancin amsoshina can suka dosa.

Wayata ƙarama ce. Za ta iya?

Za ta iya. Ka sauke ibisPaint X daga Play Store. Kyauta ce, kuma da zarar ta sauka za ka yi zane ko babu data. Wasu buroshinta a kulle suke sai ka kalli talla a buɗe maka su na wasu awanni, amma waɗanda ke buɗe sun ishi mai koyo. MediBang Paint ma kyauta ce. Wanda ke da kwamfuta ya nemi Krita, ba a biyan ko kwabo. Clip Studio Paint da ƙwararrun masu manga da yawa ke aiki da ita ta kuɗi ce, ba yanzu kake bukatarta ba. Procreate kuwa a kayan Apple kaɗai take aiki, don haka duk wanda ya turo maka wai Procreate ta Android, jabu ce, kada ka sa ta a wayarka.

Inda ƙaramar waya ke gajiya shi ne girman shafi. Duk yadda ka ƙara faɗin shafin, haka yawan leyar (wato shimfiɗun zane da ake jerawa ɗaya kan ɗaya) da manhajar za ta ba ka ke raguwa, har ta fara sandarewa. Idan wayar ba ta da ƙarfi, ka fara da shafi mai kamar fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 1500 a faɗi da 2000 a tsawo, ka rufe Facebook da TikTok kafin ka buɗe manhajar.

Dole sai na sayi alƙalamin nan na zane?

A'a. Na yi sama da shekara da ɗan yatsa nake zane. Dabarar ita ce ka riƙa zuƙo wurin da kake aiki ya yi girma, ka juya shafin da yatsu biyu yadda hannunka zai ja layi ba tare da ka murɗe wuyan hannu ba.

Gilashin waya ba dannawa yake ji ba, ɗan lantarkin da ke jikin mutum yake ji. Shi ya sa biro ko tsinke ba sa aiki a kai. Shi ya sa kuma za ka iya haɗa naka alƙalamin: ka sa audugar goge kunne a bakin bututun biro, ka naɗe bututun da takardar dalma irin ta naɗe abinci har ta taɓa audugar, ka ɗan jiƙa audugar kaɗan, ka riƙe ta wajen dalmar. Akwai kuma masu bakin roba da ake samu a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Duka waɗannan ba sa gane ko ka danna da ƙarfi ko a hankali. Masu gane nauyin hannu su ne S Pen na wasu wayoyin Samsung, da allunan zane na Wacom, Huion ko XP-Pen, waɗanda wasunsu ke haɗuwa da waya ta ɗan kan OTG, wato mahaɗin da ke jona waya da kayan USB. Kafin ka ba da kuɗinka, ka sa a jona allon da wayarka a shagon ka ga ya yi aiki da idonka, don ba kowace waya ke karɓa ba.

Mu da muke kwana uku ba wuta fa?

Ka yi zanen farko a takarda da fensir, ka ɗauke shi hoto da rana, ka shigar da shi manhajar ka bi layinka. Lokacin da ake ɓatawa wajen tunani da gogewa ya tafi a takarda ke nan, batir bai sani ba. Ka kashe data, ka rage hasken gilashi in kana ɗaki. A watannin bazara, Maris zuwa Mayu, kada ka yi zane wayar tana jone a caji, zafi biyu ne ke haɗuwa, batir ya kumbura. Ka cire mata riga, ka yi aiki da sassafe ko bayan isha. Gumi ma yana sa layi ya tsallake, sai ka ajiye ɗan tsumma kusa.

Ta ina zan fara fuskar?

Kafin fuska, ka gane leya. Ka ɗauka fararen ledoji ne masu garai-garai aka jera ɗaya kan ɗaya. Abin da ka zana a ta sama ba ya taɓa ta ƙasa, kuma za ka iya goge ɗaya ka bar sauran. Wanda ya zuba komai a leya ɗaya, ranar da ya so canja launin riga sai ya ɓata fuska.

A leya ta farko ka yi da'ira da launi mai haske. Ka ja layi daga sama zuwa ƙasa ya ratsa tsakiyarta ya ɗan wuce, nan haɓa za ta tsaya. Ka ja wani a kwance wajen tsakiyar kan gaba ɗaya ko ƙasa kaɗan, nan idanu za su zauna. Tsakanin ido da ido a bar wurin da wani idon zai iya shiga. Kuskuren da na fi gani shi ne a kai idanu can sama kusa da gashi, a manta cewa goshi da ƙoƙon kai sun cinye rabin kai. A idon anime, layin fatar ido ta sama shi ne mai kauri, na ƙasa siriri ne ko a bar shi a yanke. Tsawon jiki da kai ake auna shi: matashi kai shida zuwa bakwai, 'yan gajerun nan masu ƙaton kai da ake kira chibi da Japananci kai biyu zuwa uku.

Idan ka gama, ka juya shafin kamar a madubi. Duk karkatar da idonka ya saba da ita har ya daina gani za ta fito fili. Ka gyara, ka dusashe wannan leyar, ka buɗe sabuwa a samanta ka ja layi na gaskiya.

Layina rawa yake yi.

Ka kunna sitabilaiza, wato saitin manhajar da ke rage rawar layi, ka kai shi wajen tsakiya. Sannan ka daina jan layi a hankali kamar mai tsoron ya karye. Ka ja shi da sauri a bugu ɗaya. In bai yi ba ka taɓa gilashin da yatsu biyu ya koma baya, ka sake. Layi ɗaya na kumatu nakan ja shi sau goma kafin in bar shi.

Yaya ake zuba launi da inuwar nan mai kaifi?

Launi a ƙarƙashin leyar layi yake zama, kowane sashe da tasa leyar: fata, gashi, riga, hula. Idan bokitin launi, wato abin da ke cike wuri da taɓawa ɗaya, ya malale ko'ina, akwai ɓaraka a layinka, ka nemo ta ka toshe. Idan kuma yana barin farin zare a bakin layi, ka shiga saitinsa ka ƙara masa faɗaɗawa da fiksel ɗaya ko biyu.

Inuwa mai kaifi ta samo asali ne daga yadda ake yin finafinan a da. A kan wata leda mai garai-garai da ake kira sel ake aiki, layi a gaba, fenti a baya, kuma ledoji dubbai ake fentawa da hannu. Babu lokacin shafa launi ya narke cikin wani, sai aka tsaya a kan biyu: na haske da na inuwa. Don ka yi irinta, ka buɗe leya a saman ta fata, ka kunna kilifin don kada launin ya fita daga jikin fatar, ka mayar da yanayin leyar maltifilai, wanda ke sa launinta ya ƙara wa na ƙasa duhu, ka zana inuwar da buroshi mai kaifin baki. Amma tun kafin nan ka yanke inda rana take. In tana hagu, inuwar hanci da ta wuya da ta naɗin riga duk dama za su faɗa.

Me ya sa in na zana baƙin mutum sai ya fito kamar an shafa masa toka?

Wannan ce tambayar da na fi so a yi mini, domin a nan na fi shan wuya, kuma a nan darussan intanet suka fi barin mu a hanya. Yawancinsu da farar fata ake koyarwa. Mai koyo ya ɗauki wannan dabarar ya kawo kan fatarmu, sai ɗayan biyu ya faru: ko ya yi ta haskaka mutum har ya daina kama da kowa a garinsu, ko ya yi inuwa da baƙi da ruwan toka, fuskar ta mutu.

Ka fara da kallo. Ka ɗauki hoton bayan hannunka da hantsi a inuwar darbejiya, ka shigar da shi manhajar, ka tsotsi launi daga wurare biyar ko shida. Za ka ga babu baƙi a ciki ko ɗaya. Akwai ruwan ƙasa, akwai makuba, akwai wani ja-ja a gaɓoɓin yatsu, akwai shuɗi-shuɗi inda sararin sama ya haska. Ka yi haka da hannun ƙanwarka wankan tarwaɗa, da na kakanka da rana ta gasa a gona. Cikin mako guda za ka tara launukan fata na gidanku, waɗanda babu wani darasi da zai ba ka.

Wajen inuwa, kada ka tafi baƙi kai tsaye. Ka karkata zuwa makuba ko shunayya mai ɗan ja, a leyar maltifilai, ka rage ƙarfinta. Jini ne a ƙarƙashin fata, dole inuwar ta riƙe ɗumi.

Ga abin da ya ɗauke ni lokaci kafin in gane: farar fata inuwa ce ke fito da siffarta, baƙar fata kuwa haske ne. Ka kalli mutum ya fito daga masallacin Juma'a ya shafa mai. Goshi, karan hanci, saman kumatu, leɓen ƙasa, su ne ke sheƙi, kuma su ne ke gaya maka yadda fuskar take. Saboda haka a fuskar mutanenmu nakan rage yawan inuwa, in ba haske leyarsa daban, da gefe mai kaifi kamar yadda salon ya gada. Launin hasken kuma ba fari ba ne. Da tsakar rana yana ɗan ɗaukar shuɗin sama, da la'asar ruwan goro ne, a teburin mai shayi da dare launin ƙwan fitilarsa ne.

Sai ƙananan abubuwa da ke sa a ce wannan namu ne. Tafin hannu da tafin ƙafa sun fi bayansu haske. Leɓen sama ya fi na ƙasa duhu, kuma kada ka yi wa mutum jan leɓe ƙato irin na tsofaffin zanen da aka yi don a wulaƙanta baƙar fata. Farin ido kada ya zama fari fat, ka ɗan sirka shi. Idan layin hanci da baki ya ɓace a cikin duhun fata, ka ƙara masa kauri, ko ka bi gefensa da siririn haske. Daga ƙarshe ka duba aikin a wayar wani, domin gilashin waya ɗaya yakan yi ƙarya.

Hijabi da babbar riga fa? Nawa kamar buhu suke fitowa.

Saboda ka zana kayan ba ka zana mutumin da ke ciki ba. Ka fara da kai, wuya da kafaɗu a leyar farko, sannan ka tufatar da su. Yadi daga inda ya rataya yake zubowa. Hijabi yana rataye a tsakar kai da ƙarƙashin haɓa da kafaɗu, layukan naɗinsa daga nan suke tasowa su bazu ƙasa. Babbar riga nauyinta a kafaɗa yake, musamman in an naɗe hannuwanta sama. Shadda mai sitaci tana karyewa da kusurwa, kuma tana sheƙi. Mayafi mai laushi lanƙwasa yake yi. Aikin wuya irin aska takwas ko zanen atamfa, ka yi shi a leya daban da kilifin, a ƙarƙashin leyar inuwa, don inuwar ta hau kansa. Ba sai ka zana kowane zare ba, siffar kawai ido ke nema. Ranar hawan Sallah ka ɗauki hotunan rawani da kayan doki da yawa, za su yi maka shekara kana koyo da su.

Kitso ma haka: a shuku ko kalaba, tsagar da ke tsakanin layuka ita ce ke nuna zagayen kai, ita za ka fara ja.

Baba ya ce zanen abu mai rai haramun ne. Me zan ce masa?

Da farko, ƙanena, kada ka ɗaga wa Baba murya a kan wannan, domin ba daga kansa ya ƙirƙiro ba. Akwai hadisai ingantattu a Buhari da Muslim da suka yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin surori. Akwai kuma mutumin da ya zo wa Ibn Abbas ya ce da wannan sana'a yake ci, ya ce masa in dole ne ya zana bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Malamai sun yi saɓani wajen fahimtar iyakar hanin. A mazhabar Malikiyya an bambanta surar da ke da jiki da inuwa, kamar gunki, wadda aka haramta, da wadda ke shimfiɗe a takarda ko tufa, wadda aka sa a babin karhanci ko abin da barinsa ya fi. Wasu malaman kuma sun hana duka. Ni mai zane ne, fatawa ta malamai ce. Ka roƙi Baba ku je tare wajen malamin da ya yarda da shi, ka nuna ainihin abin da kake zanawa.

Idan aka tsaya a kan ka bar masu rai, hannunka bai mutu ba. A kamfanonin anime akwai mutanen da aikinsu kaɗai zana wuri ne: sama, gona, titi, ɗaki. Mu kuma muna da kuka da giginya, rumbu da danga, zankayen soro, duwatsun Dutse, fadamar Haɗeja, hadarin gabas in ya haɗo a watan Agusta. Ban cika ganin wanda ya zana su a wannan salo ba.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne tsiraici. Yana da yawa a zanen anime na intanet. Ba na zana shi, ba na ajiye shi a wayata, kuma ina gaya wa iyaye su san cewa ba kowane anime ne na yara ba.

In na ɗora hoton wani na bi layinsa, laifi ne? Zan iya sayarwa?

Don koyo a ɗakinka, babu laifi, hannu yana ƙaruwa da shi. Amma ka fitar da shi ka ce naka ne, wannan cin amanar mai shi ne, kuma zanen aro ba ya rufe katara: ranar da aka ce zana mini kaza a gabana, asiri zai tonu. Haka hoton da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa maka, kada ka sa masa hannu a matsayin aikinka. ibisPaint tana naɗar bidiyon yadda ka yi zane daga layin farko zuwa na ƙarshe, ka riƙa ajiye shi, shi ne shaidarka.

Jaruman anime mallakar waɗanda suka ƙirƙire su ne da kamfanonin da ke buga su. Najeriya ma tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023. Ka zana jarumin da kake so ka nuna wa jama'a, ka faɗi sunan mai shi, amma buga shi a riguna kana sayarwa ba haƙƙinka ba ne. Abin da za ka sayar da kwanciyar hankali shi ne naka: ango da amarya a salon anime don katin biki, hoton da mutum zai sa a fuskar WhatsApp ɗinsa, tambarin ƙungiyar ƙwallon unguwa. Ka karɓi rabin kuɗi kafin ka fara, ku yi magana a kan sau nawa za a yi gyara, ka sa hannunka a wurin da ba za a yanke ba. Kuma kada ka zana 'yar mutane ka yaɗa ba da izininta da na gidansu ba.

Na tura a WhatsApp ya dusashe, na buga a takarda ya yi duhu.

WhatsApp yana matse hoto in ka tura shi a matsayin hoto. Ka adana aikin a tsarin hoto na PNG, ka tura shi a matsayin fayil, zai isa yadda yake. Idan tun farko ka san bugawa za a yi, girman A4 mai kyau fiksel 2480 ne a faɗi da 3508 a tsawo. In wayar ba za ta ɗauka ba, ka yi A5, wato 1748 da 2480.

Duhun kuma dalilinsa shi ne gilashin waya haske yake fitarwa, takarda kuwa tawada take sha. Launin ruwan ƙasa ya fi kowane shan wahala a nan. Na taɓa kai zanen wani ango wani shagon bugu a birni, aka buga kati ɗari ban tsaya na ga na gwaji ba, fuskar ta fito ba a gane hanci da baki. Sai da na biya aka sake. Yanzu nakan yi kwafi na biyu na musamman don bugawa, in ɗan ƙara wa fata haske, in sa a buga guda ɗaya tak, in fita da shi waje in duba a hasken rana kafin in ce a ci gaba.